Ginshiƙi a Gurbin Niƙa

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Kuma kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta, don ba tatsuniya zan yi muku ba. Mutumin yana nan da ransa. Ke Uwani, sakar mini zane, tun ba a fara ba kin fara rawar jiki.

Kun san Gindin Fa, garin da Gwaggo take aure. Kun san dutsen da ke bayan garin, wanda samansa yake shimfiɗe kamar faranti. To, a garin akwai wani magini, sunansa Nomau. Ba dogo ba ne, ba ƙaƙƙarfa ba ne a ido, amma Allah ya ba shi ƙafa. Da buhun siminti a ka yake hawa dutsen nan, yana tafe yana ba na bayansa labari, su kuwa suna haki. Gonarsa ba ta kai a kira ta gona ba. Ƙafafun nan su ne abincinsa, shi da matarsa Tabawa da 'ya'yansu.

Wata shekara wani attajiri daga birni ya zo ya ce zai yi ɗakunan hutu a saman dutsen. Ƙananan ɗakuna na katako, kowanne da baranda. Wai mutanen birni su zo su kwana biyu, su sha iska, su kalli faɗuwar rana. Ku ji fa. Mutum ya bar gidansa mai fanka ya zo ya kwana kan dutse, wai shi hutu yake. Allah ya kyauta. Attajirin ya ba wani ɗan kwangila mai suna Sallau aikin, shi kuma Sallau ya ɗauki Nomau ya yi masa ƙafafun ɗakunan.

Ƙafafu na ce, don a kan dutse ba a haƙa harsashi. Me za ka haƙa? Yadda ake ɗora rumbu a kan duwatsu, haka ake ɗora ɗakin a kan ginshiƙai. Da farko Nomau yakan bi falalen da guduma yana ƙwanƙwasawa, yana kasa kunne. Inda ya ji sauti ya fita tas, dutse ne mai rai. Inda ya ji kamar ganga, ɓawo ne, sai a ɓamɓare shi. Sannan a kawo injin huda dutse a huda, a busa ƙurar ramin ta fita, a kafa rodi, a kewaye shi da akwatin katako, a zuba kankare. Ginshiƙin da ke tudu gajere, na gangare dogo, har kawunansu su zo daidai. Da siririn tiyo mai ruwa a ciki yake gwadawa, inda ruwan ya tsaya a wannan baki nan zai tsaya a wancan. Ƙarƙashin ɗakin kuwa a bar shi a buɗe, ruwan sama ya bi ya wuce abinsa.

Aiki ya tafi lafiya, ɗakuna suka miƙe. Saura ɗaya, na can bakin dutse ta yamma, inda aka fi ganin faɗuwar rana. Shi ne attajirin ya fi so.

A nan guraben suke. Ramuka huɗu ne a jikin falalen, hannu yana shiga har ya wuce wuyan hannu, cikinsu santsi kamar cikin tasa. Guraben niƙa ne na mutanen da, amma ba wanda ya san wane ne ya fara su. Duk kaka, idan sabon gero ya shigo gida, matan Gindin Fa sukan hau da yamma, kowace ta zuba tafi ɗaya a ciki, ta juya ba waiwaye. Da safe ba ko ƙwaya. Maza su ce tsuntsaye ne. Mata ba sa musu, amma sun san tsuntsu ba ya barin gari a bakin rami.

Ana shirin huda wurin sai bakin injin ya karye. Aka sa wani, shi ma ya karye. Na uku sai an aiko daga birni, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Sallau ya rasa inda zai sa kansa, don attajirin ya riga ya gayyaci baƙi. Ya ce wa Nomau in ba zai iya ba ya faɗa, akwai magina a birni da ke neman aikin ido rufe. Maganar ta yi wa Nomau zafi. Ya tsaya yana kallon falalen, sai idonsa ya faɗa kan guraben. Ya ja igiya ya gwada. Wallahi sun faɗa daidai kusurwa huɗu na ɗakin, kamar an auna.

Da ya koma gida ya faɗa wa Tabawa, yana murna ya sami dabara. Tana tuƙa tuwo, sai muciyar ta tsaya a hannunta.

Ta ce, “Malam, kakata ta zuba gero a wurin nan. Uwata ta zuba. Ni ma bara na zuba.”

Ya ce shi mai salla ne, ba zai ji tsoron rami ba. Ya ce ramin da ba wanda ya yi niƙa a ciki tun kafin a haifi kakarta, mene ne amfaninsa. Ta roƙe shi ya jira bakin injin. Ya yi kunnen uwar shegu da ita. Ni kam, Nomau yana ba ni haushi a nan, don ba mugu ba ne, taurin kai ne kawai da gudun a ce ya kasa.

Washegari ya lanƙwasa gindin rodi, ya zura a kowane gurbi, ya kwaɓa siminti da hannunsa ya cika su taf. Ya kafa akwatuna ya zuba kankare. Da ya zo gwada tsayi, ruwan cikin tiyo ya ƙi tsayawa. Ya hau, ya sauka. Ya hau, ya sauka, a hankali, kamar ƙirjin mai barci. Leburori suka kalli juna. Nomau ya ce iska ce ta shiga tiyon, ya naɗe shi, ya gwada da ido.

Sabon kankare yana son ruwa, in ba a jiƙa shi ba rana ta tsattsage shi. Bayan kwana biyu, da rana ta take, leburori suka sauka gari cin abinci. Nomau ya tsaya shi kaɗai yana yi wa ginshiƙan ban ruwa. Kun san lokacin, sa'ad da inuwar mutum take shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. Ku kuna tsoron dare. Manya tsakar rana suke tsoro.

Sai ya ji wurin ya yi tsit. Gyare ya daina kuka. Iska ta tsaya. Ruwan da yake zubawa ma ba ya jin ƙararsa.

Ya ɗaga kai. Wata mata ce take tahowa, gajeriya, da baƙin zane na saƙi irin wanda aka daina sawa. Ƙwarya a kanta, ɗan dutsen niƙa a hannunta. Daga yamma take zuwa. Ta yamma kuwa babu hanya, gangare ne a miƙe, ko akuya ba ta bi.

Ta ce, “Sannu da aiki, magini.”

Bai ji muryar da kunne ba. Ta tafin ƙafarsa ta shigo, ta bi ƙwaurinsa ta hau. Ya duba ƙasa, ya ga ƙafafunta. Duk inda ta taka sai su nutse cikin dutsen har idon sawu, kamar mai tafiya a taɓo. In ta ɗaga, wurin ya koma ya rufe.

Gwangwanin ruwa ya faɗi daga hannunsa. Ya kama karanta duk addu'ar da ya sani. Ita kuwa ta tsaya tana jira. Ba ta gudu ba, ba ta ƙone ba. Da ya idar ta ce amin. A nan ya gane ba ɓarna ta zo yi ba, haƙƙinta ta zo nema.

Ta sauke ƙwaryar. Gero ne a ciki, jiƙaƙƙe, an surfa. Ta dubi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya.

“Ina zan yi niƙa?”

Kun san abin da ya ce mata? Wai akwai injin niƙa a cikin gari, kusa da masallaci. Kada ku yi dariya, tsoro ne, ku da tuni kun jiƙa wando. Ta yi kamar ba ta ji ba.

“Yara na jira. Cire ƙarfenka.”

Ya ce simintin ya riga ya kama. Ya ce shi ɗan aiki ne, sa shi aka yi, ɗakin ba nasa ba ne. Ya ce ta yi haƙuri. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta dube shi tun daga kai, ta sauko a hankali, ta tsaya a gwiwoyinsa. Irin kallon da mace take yi wa turmi a kasuwa kafin ta saya.

Ta ce, “Waɗannan ma za su yi.”

Ta ɗauki ƙwaryarta ta koma ta inda ta fito. Gyare ya ci gaba da kuka. Nomau ya sauka gida da ƙafafunsa lafiya lau, bai gaya wa kowa ba, har ya fara ce wa kansa rana ce ta buge shi.

Washegari rana na takewa ya ji abin. Yana tsaye a kan tsani sai gwiwarsa ta dama ta ɗauki zafi, wani abu yana gurzawa a ciki, gaba da baya, gaba da baya. Ya sauko da ƙyar ya zauna. Can ya lafa, sai ya koma ta hagu. Da rana ta karkata ya daina, kamar an ɗauke da hannu. Kashegari haka. Wanshekare haka.

Ranar da ya kasa fita aiki, Tabawa ta zauna kusa da shi a kan tabarma. Da lokacin ya yi ta ga ya cije leɓe, gumi na karyo masa. Ta sunkuya ta ɗora kunne a gwiwarsa. Ta ɗago da sauri. Duk macen da ta taɓa durƙusawa gaban dutsen niƙa ta san wannan sauti. Da ya lafa ta ɗaga ƙafarsa, ta ga farin gari a kan tabarmar, laushi kamar an tankaɗe. Ta shinshina. Gero ne.

Ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Kuka kawai ta yi, shi kuma ya ba ta labarin duka.

Suka je asibiti. Aka ɗauki hoton ƙafar, likita ya ce ƙashin gwiwar ya cinye kamar na tsoho tukuf, ya tambayi shekarunsa ya sake tambaya. Ya ba shi ƙwayoyi. Ya sha, ba abin da suka yi. Suka je wajen wani malami a ƙauyen gaba. Malamin ya saurara, ya ce shi ba zai yaudare su da rubutu ba. Ya ce da shiga jikinsa aka yi da zalunci da sai a yi ruƙiyya a kora, amma wannan an toshe wa mutane bakin abinci ne. Ya ce ya je ya mayar musu da abinsu.

Kafin nan ɗakin ya riga ya tsaya a kan ginshiƙan, an yi rufi, an sa tagogi, har labule. Nomau ya dogara sanda ya je wajen Sallau, ya roƙe shi a ɗaga ɗakin a matsar da shi ko da taku kaɗan ne. Sallau ya yi dariya, da ya ga da gaske yake sai ya haɗe rai. Ya ce ya je ya nemi maganin sanyin ƙashi, ya daina kawo masa zancen mata.

Nomau ya dawo gida ya zauna yana kallon ƙafafunsa. Sun fara lanƙwashewa. Ya san in ya ƙara wata ɗaya a haka, ko bakin ƙofa ba zai kai ba, balle saman dutse. Da safe ya ɗauki babbar gudumarsa. Tabawa ta gani, ba ta hana shi ba, ta riƙe masa gudumar har rabin hanya.

Ginshiƙan gangare ya fara fasawa. Aikin hannunsa ne, ya san inda zai buga. Da na biyu ya karye ɗakin ya yi ƙara, ya durƙusa, ya zame a hankali, ya tafi ta bakin dutsen da labulensa da komai. An ji faɗuwarsa har cikin gari.

Abin da ya biyo baya kun iya ƙiyastawa. Aka kama shi, aka tsare, aka ƙwace kayan aikinsa. Sai da dagaci da dattawa suka yi ta zarya kafin a sake shi, aka ce taɓin hankali ne. Attajirin ya ji surutu ya yi yawa, ya ce a bar wannan kusurwar haka nan. Daga ranar ba wanda ya sake kiran Nomau ko gyaran katanga. Shi duk bai damu ba. A tsare ma rana na takewa ake niƙa a gwiwarsa. Burinsa kawai ya buɗe guraben.

Ya ari kurfi, ƙarfen sassaƙa dutse, da ƙaramar guduma ya hau. Ya yanke rodin, ya shiga sassaƙe simintin da ke cikin ramukan. To, a nan ne abin tausayin yake. Shi ya kwaɓa simintin nan, kuma Nomau bai taɓa kwaɓa siminti na wasa ba. Ya kama dutsen kamar tare aka halicce su. Duk ɓallin da ya fita sai ya fito da naman dutse a jikinsa. Ya bi a hankali, ya bi da lallashi, a banza. Da ya gama, ramuka huɗu suna nan a buɗe, amma cikinsu duk ƙaya da tsaga. Santsin nan ya tafi.

Ya share su da tafin hannu. Ya zauna yana jira. Inuwarsa ta shige ƙarƙashinsa. Gyare ya yi shiru.

Ta zo da ƙwaryarta. Ta rame. Bai lura da farko ba sai da ta durƙusa, ya ga ƙasusuwan wuyanta. Ta zuba gero kaɗan a gurbi ɗaya, ta sa ɗan dutsenta ta gurza. Ta debo garin a tafinta ta miƙa masa. Ya taɓa. Rabi gari, rabi tsakuwa.

“Wa zai ba yara wannan?”

Nomau ya fashe da kuka, babban mutum da gemunsa. Ya ce ya rushe ɗakin, ya rasa sana'arsa, ya rasa sunansa a gari, ba abin da ya rage masa. Ya ce ta dubi Allah ta bar masa ƙafafunsa, shi ma yana da yara.

Ta ce, “Ba mugunta ba ce, magini. Ƙashinka ma ba ya niƙa da kyau. Da shi muke maneji.”

Ta ajiye ɗan dutsen a gabansa. Baƙi ne, sumul, da ɗumi kamar an ciro shi daga hammata.

“Ka goge su. Ranar da suka yi santsi, na bar maka gwiwa.”

Ya ɗauka da hannu biyu. Ya tambaye ta, a karon farko, tsawon wane lokaci aka ɗauka kafin su yi santsi. Ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta ɗan yi tunani.

“Kakata ta tarar da su da sauran kaushi.”

Ta tafi. Bai sake ganinta da ido ba.

Tun daga ranar kullum yana saman dutsen. Da farko da sanda ɗaya yake hawa, daga baya biyu. Yanzu jakin maƙwabci ke kai shi inda jaki yake iya kaiwa, sauran ya ja gindi. Mutumin da yake hawa da buhun siminti yana hira. Tabawa ta ce ya kawo ta taya shi, ai niƙa aikinta ne. Ta kama ɗan dutsen, ta kasa ko motsa shi daga ƙasa. A hannunsa kaɗai yake ɗaguwa. Sai ta koma surfe da wankau a gidajen mutane, da shi suke ci.

Sauran ɗakunan kuwa suna nan, baƙi na zuwa. Sukan fito baranda da shayinsu, su ga tsoho a durƙushe yana gurza dutse a cikin dutse. Sun ɗauka wata al'ada ce ta garin aka ajiye don su. Har hoto suke yi da shi. Wannan abu yana ƙona mini rai, ba zan ɓoye muku ba.

Bara da kaka na raka Gwaggo can. Mata har yanzu suna kai geron, amma sai dai su zuba a gefe, kuma da safe a tarar da shi yadda aka bar shi. Na gaishe da Nomau. Ƙafafunsa suna naɗe a bayansa kamar tsumma. Ya gane ni, ya tambayi su Baba. Sannan ya kama yatsana ya zura a cikin gurbin da yake aiki. Duk kaushi ne, yana kartar fata. Ya yi ta lalube da yatsan nawa har ya kai wani ɗan wuri, bai fi faɗin farce ba.

Ya ce, “Taɓa nan. Kin ji? Ya fara.”

Yana murmushi. Na ce na ji, Baba. Na ɗaga ido na dubi sauran ukun. Ko taɓa su bai yi ba tukuna.

Sai ya kalli inuwarsa, ya ce mu sauka, rana ta kusa takewa. Gwaggo ta ja hannuna, ba mu waiwaya ba.

Saboda haka ku buɗe kunnuwanku. In an kai ku Gindin Fa hutu, kada in ji an ce wani ya hau dutsen nan shi kaɗai, balle da tsakar rana. Ramin da kuka tarar a dutse, in ba ku kuka haƙa ba, ko tsakuwa kada ku jefa a ciki. In kuna hawa tare da manya kuka ji ƙarar niƙa guda ɗaya, Nomau ne, ku ƙarasa ku gaishe shi, yana son mutane. In kun ji biyu, ku juya.